Antibairos ne ke cinye min ƙarfin kwamfuta, in goge shi kawai?

“Assalamu alaikum Malam, don Allah a taimaka min da shawara. Laftof ɗina Windows 10 ce, RAM 4GB, kuma ba SSD ke ciki ba. Da na saye ta akwai antibairos na gwaji a ciki, da wa'adinsa ya ƙare sai na sauke wani na kyauta na saka. Tun daga lokacin in na kunna ta sai na jira kusan minti 10 kafin in iya buɗe Word, fanka tana ta ihu ko ban taɓa komai ba, data tana tafiya ban san inda take zuwa ba, kuma kullum sai saƙo ya fito wai an gano matsaloli a kwamfutata in biya a gyara. Wani abokina yace in goge antibairos ɗin gaba ɗaya in zauna haka. Hakan ba matsala?”

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka da kyau tambayarka gida biyu ce, wato shin antibairos ɗin ne ya jawo wannan nauyin, in kuma shi ne toh zama babu kariya shine mafita? Daga yadda ka bayyana akwai alama mai ƙarfi shi ne, ko ma dai in ce su ne, don ina zargin guda 2 ne ke aiki a cikin laftof ɗin nan ba ɗaya ba, tunda baka ce ka cire na gwajin ba, cewa kayi wa'adinsa ya ƙare. Shawarar abokinka kuma rabinta ce daidai. Gogewa eh, amma zama haka babu kariya a'a, kuma dama a Windows 10 ba sai an kai ga haka ba. Bari in bi maka abin daki-daki don in ka gane me ke faruwa a ciki, gobe ko kwamfutar wani ce zaka iya dubawa da kanka.

Aikin da yake yi wanda baka gani

Yawancin mutane sun ɗauka antibairos yana aiki ne kawai lokacin da ka danna masa yayi sikanin. Ba haka bane, babban aikinsa shine wanda baya tsayawa ko na sakan ɗaya. Lokacin da ka saka shi, yana dasa wata ƴar manhaja da ake kira direba a can cikin Windows, tsakanin manhajojinka da faifan ajiya, ta yadda duk fayil ɗin da za a buɗe ko za a rubuta ko za a kunna sai ya bi ta hannunsa tukuna. Kamar mai gadin da ke bakin ƙofa ne yana caje duk mai shiga da mai fita. In mutum ɗaya ne ya zo ba wanda zai ji jinkiri, amma buɗe Word kaɗai ba fayil ɗaya bane, fayiloli ne masu ɗimbin yawa ake ɗaukowa a lokaci guda, balle kuma lokacin kunna kwamfuta da dubbai ke tururuwa, kowanne sai an tsayar da shi an duba.

Wannan aikin dai shine ainihin kariyar, kuma shi ne bana so ka rasa. Bayan shi akwai sikanin da yake tsara wa kansa lokaci, wanda ya kamata ace yana yi lokacin da kwamfuta ke zaune ba aiki, sai dai mai laftof da yake kunna ta in zai yi aiki ya kashe in ya gama, yaushe ta zauna ba aiki? Sai sikanin ɗin ya taru, kana kunnawa ya fara, daidai lokacin da kake sauri. Akwai sabunta bayanan ƙwayoyin bairos da yake saukewa sau da yawa a rana, akwai tura bayanan fayil ɗin da bai sani ba zuwa sabar kamfanin don a tantance, wasu ma har shafukan intanet da kake buɗewa suna kwance su su duba su sake ɗaurewa kafin su iso burauzarka, shi yasa wani lokacin netwok lafiya lau amma shafi na jan ƙafa.

Toh yanzu ɗora duk wannan akan irin injin da kake da shi, nan ne fa maganar take. Tunda ba SSD ke ciki ba, faifan ajiyarka HDD ne, shi kuma abu ne da ke juyawa, na laftof galibi sau 5400 a minti, da wani ɗan hannu da ke kai-komo yana neman inda bayani yake. In fayil ɗaya ne babba yana karanta shi ba laifi, amma in ƙananan fayiloli ne a warwatse, abin da zai iya a sakan ɗaya baya wuce karatu wajen 100, alhali SSD, wato ma'ajiyar da ba abin da ke juyawa a cikinta, na yin dubun-dubata. Shi kuma antibairos aikinsa kenan, ƙananan fayiloli a warwatse. Ga RAM 4GB, wato inda kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai a lokacin, wanda Windows kanta ta riga ta kwashe kusan rabi tun kafin ka buɗe komai, in ya cika sai Windows ta fara juye abin da ke cikinsa zuwa kan faifan nan dai da ya riga ya galabaita. Kaga kenan kowa na layi a ƙofa ɗaya, Word na jira, burauza na jira, Windows kanta na jira. Antibairos ɗin da mai SSD da RAM 16GB bazai ma san yana nan ba, kai sai ya durƙusar da kai.

Sai batun guda 2. Ƙarewar wa'adi ba fita bane. Na gwajin nan yana nan daram, direbansa na tashi duk sanda ka kunna, hidimominsa, wato ayyukan da yake yi a bayan fage, na gudana, abin da ya daina kawai shine baka cikakkiyar kariya. In ka ɗora wani a kansa, fayil ɗaya sai a duba shi sau 2, kuma abin da yafi muni, in na farko ya buɗe fayil don ya duba, na biyun sai ya ga ai an taɓa fayil shima ya tashi, har ma su riƙa caje fayilolin junansu. Ana yawan kawo min kwamfutoci masu irin wannan matsalar, kuma akwai wata da bana mantawa, ƴar fitilar faifanta ko ƙiftawa bata yi, a kunne take ɗif. Da na buɗe Resource Monitor, manhajar Windows da ke nuna abin da ke cin ƙarfin kwamfuta, na shiga ɓangaren Disk sai ga sunaye biyu suna ta musayar wuri a saman layi, kowanne na karanta folda ɗaya da ɗan'uwansa, lokacin amsawar faifan ya haura sakan guda, abin da ya kamata ace ƴan milisakan ne. Mai ita har ya yanke shawarar sayen sabuwa, alhali ba abin da ya lalace a jikinta.

Kayan da ba kai ka nema ba

Wannan ɓangaren ne yafi ɓata min rai gaskiya, don shi ba kariya bane ko kaɗan. Kamfanin da ya baka antibairos kyauta dole ta wani wajen zai ci, kuma hanyar da aka fi bi ita ce a cusa maka wasu kaya a cikin kunshin: VPN na gwaji, mai “share datti”, mai sabunta direbobi, mai ajiye fasawod, burauza tasu ta daban, da ɗan ƙari da ake liƙa wa Chrome ko Edge. Kowanne da hidimarsa da ke tashi tare da Windows, kowanne na leƙa intanet yana sabunta kansa, ga inda wani kaso na datarka ke tafiya kenan. Saƙon nan da kake gani wai an gano matsaloli ka biya a gyara, talla ce ɗan'uwa. In ka danna ka duba jerin “matsalolin” zaka tarar fayilolin wucin-gadi ne da tarkacen burauza da manhajojin da ke tashi da Windows, abubuwan da kowace kwamfuta a duniya ke da su, kuma Windows na da Disk Cleanup da Storage Sense da ke share fayilolin wucin-gadin kyauta. Amma sai da ya ci ƙarfin faifanka yayi wannan binciken kafin ya tsorata ka da sakamakon.

Kuma kar ka ɗauka zargi ne kawai irin na masu gyara. A 2021 Norton ya saka manhajar haƙar kuɗin kirifto na Ethereum, wato mai amfani da ƙarfin kwamfutarka wajen samar da kuɗin intanet, a cikin Norton 360, suka kira ta Norton Crypto, sai mutum ya kunna ta da kansa take aiki amma fayil ɗinta na shiga kwamfuta tare da antibairos ɗin, kuma kamfanin na ɗaukar kashi 15 cikin 100 na abin da aka haƙo. Mutane sun yi ca a kai, an rufe ta a Satumban 2022 da Ethereum ta daina tsarin haƙa. Shi kuma Avast a Janairun 2020 aka bankaɗo cewa bayanan shafukan da masu amfani da shi ke ziyarta ana sayar da su ta wani reshensa mai suna Jumpshot, suka rufe reshen, sannan a Fabrairun 2024 hukumar FTC mai kare masu sayayya a Amurka ta sanar cewa zasu biya dala miliyan 16.5 akan wannan. Abin lura kuma, yau Norton da Avast da AVG da Avira da CCleaner duk ƙarƙashin kamfani ɗaya suke, Gen Digital, saboda haka wanda ya gudu daga ɗaya ya koma ɗaya a cikinsu bai yi nisa ba. Ban ce injin gano bairos ɗinsu baya aiki ba, yana aiki sosai ma, kayan da ake rataya masa ne matsalar.

Don adalci, Microsoft Defender da ke zuwa cikin Windows shima ba wai baya cin ƙarfi bane. Duk wanda ya taɓa ganin Antimalware Service Executable, wato sunan da Defender ke fitowa da shi, ya haye saman Task Manager mai jera manhajojin da ke aiki ya san haka, kuma akwai wani kuskure a cikinsa da ya ɗauki kusan shekara 5 yana sa shi cin furosesa fiye da kima in ana amfani da Firefox, sai a 2023 aka gyara. Bambancin shine baya maka talla, baya kawo ƴan rakiya, kuma an gina shi ya janye da kansa in an saka wani ya dawo da kansa in an cire.

Ka auna tukuna

Kafin ka goge komai ina so ka gani da idonka, don sau da yawa ana ɗora wa antibairos laifin wani. Ka kunna kwamfutar, da ta fara nauyin sai ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito, in ƙarami ya fito ka danna More details. Ka danna kan Disk don ya jera daga mai ci da yawa, ka zuba ido na ƴan mintuna, sannan kayi haka ma a CPU da Memory. Kar ka yanke hukunci da kallo ɗaya, sunan da ya daɗe a sama shi muke nema. In sunan antibairos ɗinka ne ko na tsohon, shikenan magana ta fito. In kuma ka ga Windows Modules Installer Worker toh Windows Update ne ke aiki, a bar shi ya gama. Haka in mai jera fayiloli ne don bincike, ko SysMain na Windows, ko OneDrive na ɗora hotuna, waɗannan duk suna iya kai HDD 100% ba ruwan antibairos. In ko wani baƙon suna ne da baka sani ba ya riƙe CPU a sama kana zaune ba abin da kake yi, musamman in ka taɓa saka manhajar kirak, wato ta kuɗi da aka fasa don a yi amfani da ita kyauta, toh wannan ana iya zargin bairos mai haƙar kirifto ne, kaga a nan goge kariya ƙara wa wuta fetur ne.

Batun data kuma ba sai anyi hasashe ba, ka shiga Settings, Network & Internet, ka nemi Data usage, zai nuna maka abin da kowace manhaja ta sha a kwana 30 da suka wuce. Kar kayi mamaki in ka tarar Windows Update ya fi antibairos ɗin sha nesa ba kusa ba. A nan ɗin ma zaka iya mayar da netwok ɗinka Metered connection, yana rage saukar abubuwa da yawa a ɓoye.

Wani abu da ya kamata ka bincika, saƙon tsoratarwar nan daga ina yake fitowa? Akwai shafukan banza da ke neman izinin turo sanarwa, mutum ya danna Allow bai lura ba, daga nan su riƙa jefo saƙo a kusurwar sikirin da tambarin wani sanannen antibairos wai kwamfutarka ta kamu. In ka duba ƙasan saƙon da kyau zaka ga sunan Chrome ko Edge da adireshin wani shafi. Irin wannan ko ka goge antibairos 10 bazai daina ba, sai ka shiga saitin burauza ɓangaren Notifications ka cire shafin. Kuma don Allah kar ka danna shi, kar ka kira lambar da suke sakawa.

Abin da zan yi in laftof ɗin a hannuna take

Zan cire duka biyun, na gwajin da na kyautan, in bar Defender. Ka fara da Settings, Apps, ka cire tsohon, kayi ristat, sannan ka cire na biyun da duk ƴan rakiyarsa, VPN ɗin da burauzar da mai share dattin, kowanne daban yake a jerin, ka sake ristat. Kar ka je ka goge foldarsa da hannu, hakan barin direban yake yi a ciki ba mai kula da shi. Kuma da yake cirewar yau da kullum kan bar saura, manyan kamfanonin na da manhajar sharewa ta musamman, McAfee na da MCPR, Norton na da Remove and Reinstall, Avast na da Avast Clear, Kaspersky na da kavremover, ka sauke daga shafin kamfanin kansa kawai ba wani waje ba. In kana so ka tabbatar, ka buɗe Command Prompt a matsayin Administrator ka rubuta fltmc, zai jero direbobin da ke tsaye a hanyar fayiloli, WdFilter na Defender ne, in ka ga mai ɗauke da sunan wanda ka cire toh da saura.

Daga nan ka buɗe Windows Security ka shiga Virus & threat protection ka tabbatar Real-time protection a kunne yake kuma ya sabunta. Tun Windows 8 a 2012 Defender ya zama cikakken antibairos, kuma cibiyoyin gwaji masu zaman kansu irin AV-TEST ta Jamus da AV-Comparatives ta Ostiriya suna gwada shi tare da na kuɗi, shekarun nan yana fitowa cikin na gaba-gaba wajen kariya. Ranar farko zai ɗan yi nauyi don komai sabo ne a wajensa, ka jona caji ka bar ta a kunne ta gama abin da zata yi, kar ka ce bai yi ba tun a awa ɗaya. In bayan haka fanka na damunka lokacin sikanin, Defender an saita shi ne ya ci wajen kashi 50 na furosesa, ana iya ragewa in ka buɗe PowerShell a matsayin Administrator ka rubuta Set-MpPreference -ScanAvgCPULoadFactor 20, sai dai wannan zafi da ihun fanka zai rage, cunkoson faifai kuwa kaɗan zai taɓa.

Akwai kuma Exclusions, inda kake ce masa kar ya duba wata folda. Yana da amfani ga mai haɗa manhaja ko mai tace bidiyo da foldar aikinsa ke cike da fayilolin da ke canzawa kowane lokaci, amma a nan nake jan kunne sosai. Kar ka ware Downloads, kar ka ware Desktop ko Temp, kar ka ware faifan C gaba ɗaya, kar ka ware filashi, nan ne ƙofofin da bairos ke shigowa. Duk manhajar da tace sai ka kashe antibairos ko ka ware ta kafin ta shiga, ka tsaya kayi tunani sau biyu.

In kuma kai dai hankalinka yafi kwanciya da na wani kamfanin, ba laifi, amma ɗaya tak, kuma wajen sakawa ka zaɓi Custom ka cire alamar duk abin da ba kariyar fayil da ta intanet ba, ka kashe tallace-tallace da raba bayanai a saitin sirri, ka mayar da sikanin lokacin da ka san baka aiki. Don ƙarin bincike lokaci-lokaci akwai Microsoft Safety Scanner ko Malwarebytes na kyauta, waɗanda sai ka kira su suke aiki.

Inda wannan shawarar ta tsaya

Daga nesa nake magana ban ga laftof ɗin ba, shi yasa na nace ka auna. Kuma ko komai ya tafi daidai, abin da zaka samu shine ta dawo yadda take kafin matsalar, HDD da 4GB dai suna nan. Canjin da yafi kowanne tasiri a irin wannan injin shine saka SSD, sai ƙara RAM zuwa 8GB in tana karɓa, na ga tsofaffin kwamfutoci da yawa da wannan kaɗai ya mayar da kunnawarsu daga mintuna zuwa sakanni. In kwamfutar ta wajen aiki ce kuma su suka saka antibairos ɗin, kar ka taɓa, ka kai wa masu kula da ita. Sannan ka sani tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025, antibairos kuma baya toshe ramukan da ke jikin Windows kanta, saboda haka ka duba ko laftof ɗin zata ɗauki Windows 11 ko kuma ka shiga shirin ƙarin sabuntawar tsaro na Microsoft da ake kira ESU.

In ka cire su duka, ka bata kwana 2, amma har yanzu Disk na maƙale a 100% alhali ba wata manhaja da ke karanta abin kirki, ko kana jin ƙas-ƙas daga ciki, toh faifan ne da kansa ya fara gajiya. Ka kwafe muhimman fayilolinka zuwa wani waje a ranar kafin komai, sannan ka duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo, in ya nuna Caution ko Bad ka canza shi kawai. Allah ya sa a dace.